Shekarar da Uwarku Ta Tsallake Maza Tara

Abin da kuka taso kuna ji a bakin mutane, wai an taɓa sa uwarku ta tsallake maza tara a zauren mai unguwa, ba ƙarya ba ne. Ta tsallake su. Ina tsaye a bakin ƙofa, hulata a hannu. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili, domin masu ba da labarin ba su san shi ba, ni kuma da na sani na rufe bakina. Yanzu shekararta biyu a ƙasa. Watan jiya babbarku ta zo ta ce mini a gidan mijinta in ana suna ba a barin ta ta dama kunu, wanke-wanke ake tura mata, kuma ba ta san laifin da ta yi ba. Shi ya sa na sayi wannan littafi a kasuwar Malumfashi na zauna. Karatuna bai wuce aji huɗu ba. Ku yi haƙuri da rubutun, ku dai kai ƙarshensa.

Ku ba ku taɓa ganin kurkunu ba, Allah kuma kada ya nuna muku. Tsutsa ce fara, siririya kamar zaren auduga, tsawonta yakan kai kamu biyu. A ruwan tafki ake shan ta, ba ita kanta ba, 'ya'yanta, a cikin wasu ƙananan ƙwari masu tsalle kamar ƙuma, waɗanda sai ka ɗaga ruwan a hasken rana kake ganinsu. Ka sha, ka yi hamdala, ka manta. Ita ba ta mantawa. Shekara guda tana yawo a jikinka ba ka ji komai ba, kana noma, kana zuwa kasuwa, kana suna, sai damina ta zagayo ta huda fata a idon sawu ko a gwiwa. Zafin kamar an ɗora maka garwashi an tafi an bar ka. Ba abin da ke sanyaya shi sai ka tsoma ƙafar a ruwa, kuma abin da take so ke nan, domin da ta ji ruwa sai ta saki 'ya'yanta. Ita ke jan mutum zuwa tafki, shi yana tsammanin shi ya kai kansa. Ba a fizge ta. A tsinke ake naɗe ta, kullum kaɗan, wata ɗaya ko biyu. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ta ruɓe. Ina da tabonta uku a ƙafar hagu tun ina yaro.

Lokacin da na auri uwarku, damina uku ke nan ba a ga kurkunu a unguwarmu ba. An haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa a bayan masallaci, an raba wa kowane gida farin ƙyalle na tace ruwa. Wani malamin lafiya, Malam Bitrus, mutumin wajen Ƙarfi, shi ke zuwa a kan babur duk wata yana duba ƙafafun mutane. Ni aka ba makullin famfon. Shekarata ashirin da 'yan kai, ina ji da kaina. Ni nake bi gida-gida ina ɗaga murfin randa, ina yi wa sa'o'in uwata faɗa in na ga sun mai da ƙyallen abin tace koko. Duk unguwar ba wanda ya fi ni sanin abin nan. Ba zan ce jahilci ne ba.

Uwarku baƙuwa ce. Daga Mahuta aka kawo ta, ba ta da kowa a nan. Ba ta da yawan magana, in ana hira sai ta zuba wa mutum ido kawai. Bahaguwa ce kuma. Ta sha duka tana ƙarama har ta koyi cin abinci da dama, amma ludayi da muciya da hagu take riƙewa. Mata suna yi mata dariya a kan haka. A lokacin dariya ce kawai.

Gonar masarata tana gabas da gari, tafiyar rabin awa da ƙafa. A gindinta, bayan wasu itatuwan kanya, akwai wani rami da aka taɓa ɗibar ƙasar gini, in ruwa ya sauka sai ya cika. Wata rana da hantsi na gangara can in wanke garma, sai na tarar da mutum zaune a bakin ramin. Ba ɗan garinmu ba ne. Dogo, ramamme, da buhu da sanda a gefensa, irin masu wucewa neman ƙwadago. Ƙafarsa ɗaya tana cikin ruwa har ƙwauri. Na yi sallama, bai amsa ba. Idonsa a rufe, yana murmushi, irin wanda na taɓa gani a fuskar gawa bayan an yi mata wanka. Ruwan a kwance yake, ba iska, ko kwaɗo ba ya kuka. Na matsa na duba. Daga idon sawunsa wani farin abu yana fita yana bazuwa a hankali, kamar an ɗiga nono a ruwa.

"Bawan Allah, fitar da ƙafar nan," na ce.

Ya buɗe ido, bai dube ni ba, ruwan ya duba.

"Bari ta gama," in ji shi. "In ba ta gama ba, ba ta barina in taka."

Na tsaya ina kallo. Da ya ga dama ya ciro ƙafar, ya naɗe ta da tsumma, ya ɗauki buhunsa ya bi hanyar Danja yana ɗingishi. Ban ƙara ganinsa ba. Na yi niyyar in Malam Bitrus ya zo in gaya masa ya zuba magani a ramin. Aiki ya sha kaina. Na ce ai ba mai shan ruwan can.

Bayan mako biyu na yi gayyar maimai. Yanzu maganin ciyawa ya kashe gayya, amma a lokacin ita ce noma: ka kira mutane su taya ka yini guda, kai kuma ka ciyar, ka shayar. Mutum goma sha biyu na kira, aka zo kusan ashirin, saboda na ɗauko Ɗan Kande makaɗi, wanda gangarsa ke fiddo malalaci daga ɗaki. Wana, Yaya Audu, shi ne a kunyar gaba. Uwarku ta zo da curin fura da nono, ni kuma tun asuba na kai jarka huɗu na ruwan famfo a kan jaki. Rana ta buɗe, irin mai cizon nan da ke zuwa bayan an kwana ana ruwa. Aka dama furar farko aka sha, kafin azahar jarkoki sun ƙare. Wasu suka tafi gida salla ba su dawo ba, aka bar mutum tara har da makaɗi, da kunya kamar talatin ba a gama ba. Fura tana nan, nono yana nan, ba ruwan da za a dama.

Ɗan Kande ya lura. Ya sassauta kiɗa, ya ɗaga murya.

"Mai makullin famfo, ga makulli, ina ruwa? Ya tara maza a gona, ya ba su rana su sha."

Aka kwashe da dariya. Yaya Audu ya dogara da garmarsa yana share gumi.

"Kai Garba," in ji shi, "ko makullin za ka miƙo mu tsotsa?"

Ba za ku gane nauyin wannan ba. In makaɗi ya sa ka a waƙa ranar gayyarka, har jikokinka sai an rera musu ita. An riga an mayar da jaki gida. Famfo zuwa da dawowa awa guda ne, kafin nan sun watse. Na ɗauki jarka biyu na ce ina zuwa, na yi kamar hanyar gari zan bi, da itatuwan kanya suka kare ni sai na gangara rami. Ƙyallen tacewa yana gida ɗaure a bakin randa. Na kore saman ruwan da hannu, na cika. Na ce wa kaina mako biyu ya wuce, an yi ruwa sau uku, ya wanke. Na ce tsamin nono zai kashe ko mene ne. Na zauna a gindin kanya in ɗan ɓata lokaci don a ce daga nesa nake, amma ban iya daɗewa ba, ina jin gangar tana ambatar makulli.

Uwarku ta tsiyaya ruwan a babbar ƙwarya. Ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ni kuma na juya wajen makaɗi ina yi masa ba'a. Sai ta ɗauki ludayi da hagunta ta dama. Aka sha daga babba zuwa ƙarami, Yaya Audu ne farko, Ɗan Kande ne ƙarshe, shi ya kafa kai ya shanye har gindin ƙwarya. Mai gayya ba ya sha sai baƙinsa sun ƙoshi, matarsa ma haka. Ba a rage mana ko ɗigo ba. Kafin la'asar an gama noma, makaɗi ya juya waƙar ta koma yabo. Ban taɓa samun masara irin ta shekarar nan ba.

Shekara guda na yi ina kallon ƙafafun mutum tara. A masallaci in an yi sahu, idona yana kan diddigensu. Kaka ta zo, rani ya shiga, aka haifi babbarku, Yaya Audu ya yanka ragon suna yana tsaye a kan ƙafafunsa lafiya lau. Har na fara cewa Allah ya rufa asiri. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ana cikin noman farko ya jefar da garma, ya zauna a kunya yana sosa idon sawu har jini. Kwana biyu ƙurji ya fashe, farin kai ya leƙo. Bayan kwana huɗu sai maƙwabcinsa Malam Idi. Sai na uku. Kafin wata ya cika su tara suna kwance, wani da tsutsa ɗaya, wani da biyar. Mutane suka ce a jere suka faɗi, yadda suka karɓi ƙwarya. Ko haka aka yi, ko baki ne ya jera su daga baya, ni dai na san Yaya ne farko, Ɗan Kande ne ƙarshe. Waɗanda suka tafi salla ba su dawo ba, ko ƙaiƙayi. Gidanmu, ko ƙaiƙayi. Gonaki tara ciyawa ta rufe a tsakiyar damina. Da rana tsaka unguwar takan yi tsit kamar an yi ƙaura, ba ka jin komai sai nishi daga wannan zaure zuwa wancan.

Wata rana da azahar aka nemi Yaya Audu a shimfiɗarsa aka rasa. Mutumin da ko bayan gida sai an riƙe shi. Aka bi sawun jan gindi a ƙasa, ya fita gari, ya nufi gabas. A bakin ramin gonata aka same shi, tafin hannunsa duk ya saɓule, ƙafarsa a ruwa, ido a rufe, da murmushin nan a fuskarsa. Aka tambaye shi me ya kawo shi nan, ga randa a gida.

"Ban sani ba," in ji shi. "Ji na yi nan kaɗai take so."

Ni na san sauran kududdufan gari an daɗe da cike su, nawa ne kaɗai ruwan kwance da ya rage a wannan sashe. Mutane ba haka suka lissafa ba. Washegari na sari ƙaya na shinge ramin, don kada a sake shuka mana ta baɗi. Aka tambaye ni dalili, na ce saboda awaki ne. Sai aka fara raɗa: me ake ɓoyewa a ramin nan?

Malam Bitrus ya zo ya tara mu a ƙofar mai unguwa. Ya rubuta sunayen masu ciwo, ya yi ta tambaya har ya gano duk a gayyata suka haɗu, kuma duk sun sha furar ta biyu. Matan mutum taran nan da iyayensu suna tsaye a bayana. Ina jin numfashinsu.

"Garba," ya ce, "ruwan da aka dama ta biyun, daga ina ka ɗebo?"

"Famfo."

"Ka tuna da kyau. Ba mai laifi nake nema ba, ruwan nake nema."

"Malam, ni ke riƙe da makulli."

Ya juya wajen mata, inda uwarku take tsaye da goyo.

"Uwargida, ke fa? Me kika gani?"

"Ni dai an kawo mini," in ji ta, "na dama."

Ya daɗe yana kallona. Ya rufe littafinsa, ya ce ruwan famfo ba ya kawo kurkunu, wannan ya tabbata, kuma zai zuba magani a duk ramin da ke kewayen nan, har da nawa. Ya hau babur. Ƙarar babur ɗin ba ta gama ɓacewa ba uwar Malam Idi ta yi magana, ba ta ma ɗaga murya ba.

"To kun dai ji. Ruwan famfo ba ya kawowa. In ba daga ruwa ba ne, daga hannu ne. Wane hannu ya dama?"

Wata daga baya ta ce, "Hagu."

Haka aka yi. Kalma ɗaya na faɗa don in tsira daga idon mutane, ta wuce ni ta sauka a kanta. Kafin kwana uku an haɗa komai: baƙuwa ce, ba ta magana, tana kafa wa mutum ido, ita ba ta sha ba, mijinta bai sha ba, kuma a gonarsu aka tsinci mai ciwo. Aka ce mayya ce, ta kama kurwarsu. A al'adar da muka tarar, wadda aka zarga da haka ana sa ta ta tsallake mai ciwon don ta sake shi. Liman ya ce wannan ba addini ba ne, ya shiga gida ya rufe ƙofa. Mai unguwa ya kira ni.

"Ba cewa muka yi ita ce ba," in ji shi. "In ba ita ba ce, me tsallakawa za ta rage mata?"

Inna, uwata, tana zaune a gefe, kwana nawa ba ta ci abincin kirki ba saboda Yaya Audu.

"Garba," ta ce, "ɗan'uwanka ne."

Na je gida na gaya wa uwarku. Tana shayar da babbarku. Abu ɗaya ta tambaya.

"Malam, kai ka ce in je?"

"Ki je a wuce wurin," na ce.

Da hantsi aka yi. Aka ɗauko su a tabarmi aka jera a zaure, daga bakin ƙofa har bango, kowa da tsinkensa ɗaure a ƙafa da farin zare a naɗe. Wari ya cika ɗakin, ƙuda suna tashi suna sauka. Mutane sun cika ƙofa da taga, amma ba mai tari. Inna ta kwance goyon daga bayan uwarku. Uwarku ta cire takalmi ta shiga. Ta tsaya a gaban Yaya Audu, ta juyo ta dube ni. Ba harara, ba kuka. Jira take. Na sunkuyar da kai ina kallon hulata. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake. Haka ta yi a kan kowane ɗayansu, ta tsaya, ta dube ni, ta tsallake. Mata suka ce wani abu take karantawa a zuci don ta sake su. Ni na san abin da take jira, kuma a kowace tsayawa bakina yakan buɗe, sai in ga ƙafar mutumin da ke kwance, sai ya rufe. Na ƙarshe Ɗan Kande ne, tsutsa biyar a jikinsa, ya rame har haƙarƙari ya fito. Ya ɗaga kai ya dube ta.

"Amarya, ɗaga ƙafa da kyau, kada ki tsinke mini tsarkiya," in ji shi. "Furar dai ta yi daɗi. Ko gobe kika dama zan sha."

Ba wanda ya yi dariya. Ta tsallake shi, ta sa takalminta, ta karɓi 'yarta, ta tafi gida ta ɗora girki.

Takwas suka warke a lokacin da kurkunu ke warkewa, suka ce tsallakawar ce. Gwiwar Yaya Audu ta sandare, ita ce sandar da kuka taso kuna ganinsa da ita. Ɗan Kande ya gaji da naɗi kaɗan-kaɗan, ya ja ɗaya da ƙarfi ta tsinke. Ƙafa ta kumbura, haƙoransa suka sarƙe, aka ɗauke shi a akori-kura za a kai shi Funtua, ya cika a hanya. Aka ce shi ne ba ta sake shi ba, don ya yi mata ba'a. Kurkunu bai ƙara dawowa unguwar ba, saboda maganin da Malam Bitrus ya zuba, amma aka ce don an gano ta ne. Na mayar da makulli, ban ƙara kiran gayya ba. Daga ranar nan ba wanda ya sake shan wani abu daga hannunta sai mu 'yan gida. Kun san gidan da kuka taso a ciki: ba a shigowa roƙon gishiri, ba a aiko yaro ɗiban wuta. Ta haifi Sale, ta haifi Musa, ta yi mini tuwo shekara da shekaru, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Shekara goma sha biyar na yi a haka. Abin da ya buɗe bakina jinyar Inna ce. Uwarku ce ke juya ta, ke wanke ta, ke kwashe mata. Amma in ta kawo ruwa sai Inna ta datse baki ta juya wa bango fuska, sai na dawo daga gona na ba ta. Ranar da ta cika, na shigo na tarar da uwarku durƙushe da moɗa a hannu, cike, leɓen Inna ya bushe ya tsage. A zaman makoki, ranar uku, maza sun cika ƙofar gida, na miƙe na faɗi komai: baƙon da na gani, ramin, jarka biyu, ƙaryar da na yi wa Malam Bitrus. Da na gama, Malam Idi ne ya fara magana.

"Allah ya saka maka, Garba. Namiji ke nan, ya rufa wa iyalinsa asiri."

Wani daga gefe ya ce, "Shekara goma sha biyar yana cin tuwonta, me kuke so ya ce?"

Aka shafa fatiha aka tashi. Yaya Audu ya dogara sandarsa ya tafi.

Na shiga gida na same ta tana ɓarar gyaɗa. Na ce na faɗa musu. Ta ce ta ji, katanga ba ta da kauri. Na ce ba su yarda ba.

"Ranar da malamin nan ya tambaye ka, kalma ɗaya ce," in ji ta. "Yau ko Alƙur'ani ka dafa, ni za a ce na sa ka."

"Kin san ruwan rami ne tun a gona."

"Ruwan famfo ba ya tsalle, Malam. Na gani, na dama. Da na zubar, kai za a yi wa waƙa."

Na rubuta wannan don na yi alkawarin ba zan rage komai ba, amma kada ku ɗora mata. Amarya ce ta wata bakwai, a garin da ba ta da kowa, a gaban maza tara, mijinta ya miƙo mata ruwa ya kau da kai. Ni na ga baƙon, ni na ɗebo, ni aka tambaya.

Ta karkaɗe zaninta ta tashi. Ta ɗauko fura da nono, ta ɗebi ruwa a randa, ta dama da hagunta a gabana, ta rufe da faifai.

"Kai wa Yaya. Ka ce ni na dama."

Na same shi shi kaɗai a zaurensa, ƙafar a miƙe. Na ajiye ƙwaryar na faɗa masa saƙon. Ya ɗaga faifan ya daɗe yana kallon ciki.

"Wane ruwa ne?"

"Famfo."

"Haka ka ce wancan karon ma."

Ya leƙa ƙofa, ya ga ba kowa a hanya. Ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ga gindinta. Ya goge baki da hannun riga, ya miƙo mini.

"Kada ka gaya wa kowa na sha," in ji shi.

Uwa ɗaya ta haife mu, ban yi mamaki ba. Ban gaya wa kowa ba sai yau da nake rubuta muku. Ita kaɗai na kai wa ƙwaryar. Ta karɓa, ta karkata ta wajen haske ta duba cikinta.

"Ya sha ko ya zubar?"

"Ya sha."

Ta gyaɗa kai, ta tsoma ƙwaryar a ruwan wanke-wanke.

"Saura bakwai," in ji ta. "Makaɗi kuma sai na je can na dama masa."